Wa ke iya karanta makullin sirrin shafinka?

Kusan duk mai gina shafukan intanet ya taɓa shiga wannan hali. An gama aikin shafi, a ce na sayar da data da katin waya irin waɗanda matasa ke buɗewa a Kano da Kaduna da Jos. An yi hayar saba, wato kwamfutar da shafin zai zauna a kai, an karɓi satifiket kyauta daga Let's Encrypt, saura kawai a tayar da manhaja. Sai baƙin allo ya amsa da kalmomi biyu: Permission denied. Manhajar ta nemi buɗe wani fayil mai suna privkey.pem an hana ta. Dare ya yi, mai shafi yana ta kira, gobe ake son fara ciniki. Mutum ya kwafi saƙon kuskuren ya bincika, ya ci karo da wanda ya ce a rubuta chmod -R 777 /etc/letsencrypt, ya rubuta, shafi ya tashi, burauza ta daina gargaɗi. Kowa ya yi murna, an biya kuɗin aiki.

A wannan daren aka yi ɓarna mafi girma a duk aikin, kuma ba wanda zai gan ta a allon waya. Shafin da aka saki makullinsa da wanda aka killace nasa kamanni ɗaya suke da shi a Chrome. Shi ya sa ya dace a daina auna mai gina shafi da bayyanar https a adireshi. Tun da Let's Encrypt ta fara raba satifiket kyauta ga kowa a ƙarshen 2015 wannan ya zama aikin minti biyar. Abin aunawa shi ne amsar tambaya ɗaya: a kan sabar nan, su wa ke da izinin karanta makullin sirri?

Ga mai waya da bai taɓa ganin cikin saba ba, ga yadda abin yake. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana riƙe da abubuwa biyu. Na farko satifiket, takardar shaida ce da ke ɗauke da sunan shafin da sa hannun hukumar da ta bayar. Wannan ba sirri ba ne, duk wayar da ta ziyarci shafin ana miƙa mata kwafi. Na biyu makullin sirri, wani ɗan fayil da girmansa bai kai na hoto ɗaya a waya ba. Da shi saba ke tabbatar wa wayar cewa ita ce mai takardar nan ta gaskiya. Takardar kamar tambarin da ke jikin wasiƙa ne, kowa na gani. Makullin shi ne hatimin da ake buga tambarin da shi. Wanda ya sami hatimi zai iya rubuta wasiƙa da sunan mai gida, kuma mai karɓa ba shi da hanyar ganewa. Sai dai hatimin katako in an sace mai shi zai nema ya rasa. Fayil kuwa kwafarsa ake yi, na asali yana nan inda yake, shafi yana aiki, ba abin da ya motsa.

Abin da ke tsare wannan fayil a kan sabar Linux lambobi uku ne. Kowane fayil yana da mai shi, yana da rukuni, sannan akwai sauran jama'a, wato duk wani asusu da ke kan kwamfutar. Izinin karantawa 4 ne, na rubutawa 2, na aiwatarwa 1, ana haɗa su ga kowane ɓangare. Saboda haka 600 na nufin mai fayil zai karanta ya rubuta, rukuni ba komai, sauran jama'a ba komai. 640 ta ƙara wa rukuni karatu. 644 ta buɗe karatu ga kowa, kuma ita ce daidai ga satifiket, tunda dama na kowa ne. 777 kuwa kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya aiwatar.

Mai amfani da Android yana cin moriyar wannan tsari kullum ba tare da ya sani ba. Android a kan Linux aka gina ta, kuma kowace manhaja da aka sauke ana ba ta asusunta na daban da foldarta da ba mai leƙawa. Dalilin ke nan da manhajar wasa ba ta iya buɗe fayilolin manhajar banki. Da a ce wani ya ba da shawarar a buɗe foldar manhajar banki ga duk manhajojin da ke waya don wani kuskure ya daina fitowa, ba mai hankalin da zai yarda. To a saba hakan ake yi da 777.

Wani zai ce ai shi kaɗai ke shiga sabarsa, wane ne "sauran jama'a"? Nan ne yawancin masu koyo ke ruɗewa, domin suna ɗaukar asusu a matsayin mutum. A Linux manhajoji ma suna da asusu. A Ubuntu da Debian, shafin da aka rubuta da PHP, har da WordPress, yawanci yana gudana ne da sunan wani asusu da ake kira www-data. Ma'ajiyar bayanai tana da nata, manhajar aika imel tana da nata. Ranar da aka sami rami a ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa WordPress, ko a fom ɗin ɗora hoto da aka rubuta cikin gaggawa, mai kutse zai shigo ne da rigar www-data. Duk abin da www-data zai iya karantawa shi ma zai karanta. A watan Oktoba na 2021 an gano rami a Apache 2.4.49 wanda, a wasu saituna, ke barin mutum daga waje ya nemi fayilolin da ke wajen foldar shafi ta hanyar sarrafa adireshi kawai. Irin wannan rami yana karatu ne da izinin ƙaramin asusun da Apache ke aiki da shi. Makullin da ke hannun root a kan 600 ya fi ƙarfinsa. Wanda aka bari a buɗe kuwa adireshi ɗaya ya isa a ɗauke shi.

Umarnin chmod -R 777 ɗin nan ma bai tsaya kan karatu ba. Harafin R na nufin a bi duk abin da ke cikin foldar, kuma a cikin /etc/letsencrypt akwai wata folda mai suna renewal-hooks. Duk jerin umarnin da aka ajiye a can Certbot zai aiwatar da shi lokacin sabunta satifiket, kuma da ikon root yake aiwatarwa. Ke nan wanda ya shigo da rigar www-data zai iya ajiye nasa fayil a wurin ya koma ya jira. Da zarar sabuntawa ta zo, sabar gaba ɗaya ta zama tasa. An nemi a buɗe wa manhaja ɗaya taga, an cire ƙyauren gida.

To me ya kawo Permission denied tun farko? Ba lalacewa ba ce, tsarin ne yake aikinsa. Certbot, manhajar da gidauniyar EFF ke kula da ita, tana killace makullai ga root kaɗai. Nginx da Apache ba su da matsala da hakan, saboda yadda aka tsara su: suna farawa ne da ikon root, su kama tashoshin 80 da 443, su karanta makulli, sannan su bar wa ƙananan ma'aikata marasa iko hidimar baƙi. Don haka mai amfani da Nginx ko Apache ba shi da dalilin taɓa izinin makulli ko kaɗan. Masu cin karo da kuskuren su ne waɗanda suka ce manhajar da suka rubuta da Node.js ko Python ko Go ta karanta makullin da kanta, alhali tana gudana da ƙaramin asusu.

Gyara mafi sauƙi shi ne kada manhajar ta taɓa makullin sam. A sa Nginx a gaba, shi zai yi hulɗar https da duniya, ya miƙa wa manhajar buƙatu a cikin gida ta wata tasha kamar 3000. Layuka kaɗan ne na saiti, kuma daga ranar ko an fasa manhajar ba a sami izinin fayil ɗin ba. Idan dole ne manhajar ta karanta, sai a ƙirƙiri rukuni na musamman, a sa asusun manhajar a ciki shi kaɗai, a mayar da rukunin makullin zuwa gare shi da chgrp, a sa 640, sannan a tabbatar rukunin zai iya ratsa foldojin da ke kan hanya. Debian da Ubuntu ma sun tanadi rukuni mai suna ssl-cert da foldar /etc/ssl/private saboda irin wannan buƙata. Hanya ta uku ita ce a rubuta ɗan jerin umarni a renewal-hooks/deploy wanda duk bayan sabuntawa zai kwafi makullin zuwa foldar manhajar da mai shi da izinin da ya dace, ya sake tayar da ita. Kowace daga cikin ukun ba ta wuce minti goma ba. Bambancinsu da 777 shi ne suna buƙatar mutum ya san da wane asusu manhajarsa ke gudana, kuma abin mamaki, da yawa daga masu karɓar kuɗin gina shafi ba su taɓa dubawa ba.

Akwai wata ta'aziyya da ake yawan yi wa kai: ai satifiket ɗin Let's Encrypt kwana 90 yake yi, Certbot kuma yana ƙera sabon makulli a kowace sabuntawa, ko an yi kuskure zai wanke kansa. Ba haka abin yake ba. Tun daga sigar 0.29.0 da ta fito a Disambar 2018, sabon makulli na farko yana zuwa da 600, amma a wajen sabuntawa Certbot yana duba tsohon makulli ya gaji rukuninsa da izinin rukunin, har da izinin karatu na sauran jama'a idan an ba su. An yi hakan ne da kyakkyawar niyya, don kada wanda ya saita 640 ya wayi gari shafinsa ya mutu bayan wata biyu. Amma sakamakonsa shi ne sakacin dare ɗaya yana bin kowane sabon makulli, shekara da shekaru, har sai wani ya zo ya gyara da hannu.

Masu ganin an cika zuzuta lamarin suna da hujjoji biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko: makulli shi kaɗai ba ya buɗe komai. Sai ɓarawon ya iya karkatar da mutane zuwa sabarsa, ta hanyar Wi-Fi da yake iko da shi ko ta lalata tsarin DNS mai fassara sunan shafi zuwa adireshi. Sannan a TLS 1.3, wanda aka kammala a 2018, an cire tsohuwar hanyar da ke sa makullin da aka sata yau ya buɗe bayanan da aka naɗa bara. Duk gaskiya ne. Ta biyu ta fi ƙarfi: wanda ya riga ya shigo da rigar www-data ai zai karanta kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai ya kwashe sunaye da lambobin waya, me zai yi da makulli?

Amsar tana cikin abin da ke biyo bayan kutsen. An gano rami, an toshe, an canja kalmomin sirri, an goge abin da mai kutse ya dasa, an sanar da masu hulɗa cewa komai ya daidaita. Idan makullin yana hannunsa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Zai iya kafa shafi mai suna iri ɗaya da satifiket na gaske, wanda burauza ba za ta yi ko tari a kansa ba, ya ajiye shi a bayan Wi-Fi na kyauta a wurin da ɗalibai ke taruwa, ya karɓi kalmomin sirri da lambobin PIN na masu zuba kuɗi a asusunsu. Idan kuma satifiket ɗin irin mai tauraro ne, wanda ke rufe duk ƙananan sunayen da ke ƙarƙashin babban suna, to makullin da aka sata daga wani tsohon shafin gwaji da aka manta da shi zai yi aiki a kan shafin biyan kuɗi. Izinin fayil ba ya maganin komai da komai. Ramin Heartbleed na Afrilun 2014 daga ƙwaƙwalwar saba yake zaro bayanai, har da makullai, ba ruwansa da 600. Amma irin Heartbleed ba kullum ake samu ba, ramukan karanta fayil kuwa ba sa yankewa, kuma kariya daga gare su ba ta cin ko kwabo.

Makulli ba a saba kaɗai yake zubewa ba. Wanda ya sayi satifiket daga dillali yakan buɗe edita a saba ya manna makullin ya ajiye, kuma a mafi yawan saituna sabon fayil da aka ƙirƙira haka 644 yake fitowa, ba tare da kowa ya rubuta chmod ba. Wani yakan ajiye shi cikin foldar aikin, ya tura komai GitHub. Git ba ya riƙe 600, kuma abin da ya shiga tarihinsa yana nan ko an goge fayil ɗin daga baya. Wani yakan dunƙule shafi gaba ɗaya a fayil ɗin zip don ajiya, ya bar shi a foldar da kowa ke iya saukewa. Sai kuma al'adar tura privkey.pem ta WhatsApp tsakanin mai gina shafi da abokin aikinsa, inda zai kwanta a wayoyi biyu, wataƙila ɗaya ta je hannun mai gyara a kasuwar waya mako mai zuwa. Manya ma sun faɗa wannan rami. A farkon 2018 shugaban wani kamfanin dillancin satifiket mai suna Trustico ya tura makullan sirri kusan 23,000 na abokan cinikinsa zuwa DigiCert ta imel, DigiCert kuwa ta soke satifiket ɗinsu, domin ƙa'idar hukumomin bayar da satifiket ita ce a soke cikin awa 24 idan makulli ya fita. Ba a jira an ga wanda ya yi amfani da su ba. Fitarsu kaɗai ta isa. GitHub kanta a Maris na 2023 ta canja makullinta na SSH bayan ya bayyana na ɗan lokaci a wata ma'ajiya da kowa ke gani.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka kan yaron da ya koyi aikin nan da wayarsa da bidiyon YouTube. Kayan aikin ma suna da nasu kaso. Duk wanda ya taɓa gwada shiga saba da makullin SSH mai izinin 644 ya san abin da ke faruwa: OpenSSH zai buga gargaɗi da manyan baƙaƙe ya ƙi amfani da makullin sai an gyara. PostgreSQL ma ba ta yarda ta tashi da makullin da kowa ke iya karantawa. Sakamakon haka, chmod 600 na makullin SSH ya zama abin da ɗan koyo ke haddacewa a makonsa na farko. Nginx kuwa zai karɓi makulli mai 777 ya ci gaba da aiki shiru. Da zai yi ko da gargaɗin layi ɗaya ne duk lokacin da aka gwada saiti, da an rage wannan matsala sosai. Masu koyarwa su ma, musamman masu yi da Hausa da yanzu suka fara yawa, bai kamata su rufe darasi a daidai inda burauza ta nuna alamar tsaro ba. Minti biyu na nuna ls -l da bayanin abin da ya fito sun fi dogon bayanin yadda ake sayen suna.

Lamarin zai ƙara nauyi nan gaba kaɗan. A Afrilun 2025 dandalin CA/Browser Forum, inda masu burauza da hukumomin satifiket ke tsara ƙa'idoji, ya amince a rage iyakar rayuwar satifiket daga kwana 398 zuwa 200 a Maris na 2026, zuwa 100 a 2027, zuwa 47 a 2029. Gajeren wa'adi yana rage tsawon lokacin da makullin sata zai yi amfani, wannan alheri ne. Amma yana nufin sa satifiket da hannu sau ɗaya a shekara ya ƙare, kowa zai koma ga jerin umarnin da ke kwafar makullai daga nan zuwa can ba tare da ido a kai ba. Wanda aka rubuta shi da sakaci zai riƙa maimaita sakacin duk bayan 'yan makonni.

Mai waya da ke shiga shafi ba shi da hanyar ganin izinin fayil a sabar wani, kuma ba a ce ya nema ba. Abin da ya rage masa shi ne ya rage yarda da alamar kwaɗo. Google ma ta cire ta daga Chrome a 2023, bayan bincikenta ya nuna kashi 11 cikin ɗari kaɗai na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anarta. Mai shago ko makaranta da ya biya aka gina masa shafi kuwa yana da haƙƙin tambaya, ko bai san Linux ba, musamman da yake Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 a kan mai riƙe da bayanan mutane ta ɗora nauyin tsare su, ba za a karɓi uzurin cewa yaron da ya yi aikin ne ya yi sakaci ba. Idan shafin yana kan haya ta gama-gari mai cPanel, kamfanin hayar ne ke kula da makullin, sai dai a kiyaye kalmar sirrin shiga. Idan kuwa saba ce ta kansa, ya ce a turo masa hoton allo na sakamakon sudo ls -l a kan foldar /etc/letsencrypt/archive ta shafinsa. A can ainihin fayilolin suke. Waɗanda ke cikin live manuniya ce kawai zuwa gare su, kuma manuniya kullum rwxrwxrwx take nunawa, abin da ke tsorata wasu a banza. A layin privkey, abin da ake son gani shi ne -rw------- ko -rw-r-----. Idan akwai harafin r a cikin gurabe uku na ƙarshe, makullin a buɗe yake ga duk asusun da zai iya isa foldar.

Wanda ya duba ya tarar da hakan kada ya tsaya a chmod 600, domin ba shi da tabbacin ba a riga an kwafa ba. Ya fara da mayar da izinin foldojin da fayilolin yadda suke, ya leƙa renewal-hooks da fayilolin saitin da ke cikin renewal ko akwai abin da ba shi ya ajiye ba, ya karɓi sabon satifiket da sabon makulli, ya sake tayar da Nginx, sannan ya soke tsohon da certbot revoke yana mai ba da dalilin keycompromise. Idan a binciken ya ga baƙon fayil a renewal-hooks, to maganar ta wuce makulli, sai a sake gina sabar daga tushe.